Sa wa mota rim da ramukansa ba nata ba ne: hanyoyin da ake bi da waɗanda ke tsinka sitod

Rim ɗin Marsandi yana shiga Camry. Ramuka biyar ne a nan, biyar a can, mai faci ya ɗaga ya tura, ga shi ya zauna, notuna kuma sun kama, sai a ce ai ya yi. Bai yi ba. Ramukan Marsandi suna kan da'ira mai faɗin milimita 112, na Camry suna kan 114.3. Abin da ya sa ya shiga shi ne an huda ramukan Marsandi na baya-bayan nan don bol mai kaurin milimita 14, sitod ɗin Toyota kuwa, wato sandar da noti ke hawa, 12 ne, sai sararin da ya rage ya ɓoye bambancin. Kowane sitod ya kauce wa tsakiyar raminsa da milimita 1.15. Ido ba ya kama wannan, amma ƙarfen yana jin sa a kowane juyi na taya.

Hakan na yawan faruwa saboda motocin da ke titunanmu haɗin gambiza ne, wasu daga Amurka, wasu daga Turai ta Kwatano, wasu daga Japan ko Dubai, kuma rim na hannu da ake jibgewa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna daga can duka suke fitowa. Akwai hanyoyin haɗa rim da motar da ba tasa ba, sai dai ba darajarsu ɗaya ba. Abin da ake auna kowacce da shi guda ne: bayan an gama aikin, rim ya kwanta sosai a fuskar hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, yana tsakiya, kuma kowane noti yana matsewa a miƙe?

Abin da ke riƙe da taya

Ana zaton taya a rataye take a kan sitod, wato sandunan nan masu tiredi da suka fito daga hob. Ba haka ba ne. Idan aka ɗaure noti, sitod yana ɗan miƙewa ya jawo bayan rim ya haɗe shi da fuskar hob. Noti ɗaya mai kaurin 12 da aka ɗaure daidai yana matsewa da ƙarfin da ya kai kimanin tan 4, biyar ɗin kenan sun kusa tan 20. Wannan matsewar ita ke hana rim zamewa, ita ke ɗaukar nauyin mota da birki da dukan ramin titi. Aikin sitod ja ne kawai.

To, idan ramuka ba su dace ba, noti na farko da aka ɗaure zai jawo rim zuwa ɓangarensa ya zauna daidai, sauran huɗun su kauce fiye da da. Kowannensu zai taɓa mazauninsa ta gefe ɗaya, ya tanƙwara sitod. Sifana za ta nuna maka noti ya yi tauri, alhali wani kaso na ƙarfin ya tafi wurin lanƙwasa ƙarfe, bai tafi wurin matse rim ba. Taya mai lamba 205/55R16 tana juyawa kimanin sau 500 a kilomita ɗaya, daga Kano zuwa Kaduna kenan ta haura juyi 100,000, kuma a kowane juyi nauyi yana hawa sitod ɗin ya sauka, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Tsagewar tana farawa daga gindin tiredi, inda ba a gani. Idan ɗaya ya tafi, na kusa da shi ke gadar nauyinsa, shi ya sa sauran ba sa daɗewa.

Awon da za ka yi kafin ka biya kuɗi

Na farko shi ne da'irar ramuka, abin da ake rubutawa PCD: yawan ramuka da faɗin da'irar da ta ratsa tsakiyarsu. Idan ramuka huɗu ne ko shida, ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, shi ke nan. Mai biyar ba shi da rami mai fuskantar wani, don haka sai ka auna tsakanin tsakiyar ramuka biyu maƙwabta ka ninka da 1.701. Idan ka samu milimita 58.8, da'irar 100 ce. 63.5 na nufin 108, 64.7 na nufin 110, 65.8 na nufin 112, 67.2 na nufin 114.3, 70.5 kuma 120. Ka lura tsakanin 112 da 114.3 abin da zai bayyana a awonka bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Tef ɗin tela ba zai raba su ba, ma'aunin baniya ake so, wato na masu aikin ƙarfe mai baki biyu da ke nuna ɓangaren milimita.

Kada ka dogara da sunan mota kaɗai. Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2019 mafi yawa 5x100 ce, ta Turai ta farkon shekarun 2000 4x100 ce, ta Turai daga 2007 kuma 5x114.3. Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda huɗu 4x114.3 ce, daga 2003 ta koma 5x114.3. Golf 3 ta gama-gari 4x100, Golf 4 5x100, daga Golf 5 zuwa sama 5x112, haka ma Sharan. Peugeot 206 da 307 da 406 suna kan 4x108, tsohuwar 504 kuwa 4x140. Vectra mai ramuka biyar 5x110 ce, tsofaffin BMW 5x120, Prado da Hilux mai ja da ƙafa huɗu 6x139.7.

Na biyu ramin tsakiya. A jikin hob akwai ɗan leɓe da ke shiga wannan ramin ya tsayar da rim a tsakiya kafin a ɗaure noti. Na Camry da Sienna milimita 60.1 ne, na Corolla mai 5x100 54.1, na Accord 64.1, na Volkswagen 57.1, na Marsandi 66.6, na Peugeot 65.1. Idan ramin rim ya fi leɓen girma, ana cike sararin da zobe na roba mai tauri ko na alminiyam da aka yanka daidai, misali 66.6 a waje 60.1 a ciki. Zoben ba ya ɗaukar nauyi, saita rim kawai yake yi. Idan ramin ya fi leɓen ƙanƙanta, kamar rim ɗin Camry a kan Accord duk da ramukansu ɗaya ne, rim zai tsaya a kan leɓen bai kai fuskar hob ba. A nan ne wasu ke tilasta shi da noti, rim ya fashe ko ya zauna a karkace. Ana iya faɗaɗa ramin a injin sassaƙa ƙarfe, milimita biyu ta kowane gefe, amma ba da magagari ba.

Na uku mazaunin noti, kuma shi aka fi mantawa. Iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, mai kusurwa 60, wanda yawancin rim na kasuwa da na BMW ke amfani da shi. Akwai mai zagaye kamar rabin ƙwallo, na Honda da Volkswagen da Marsandi, kuma su ma zagayen nasu ba girma ɗaya ba ne. Akwai shimfiɗaɗɗe mai washa, na rim ɗin alminiyam na Toyota da Peugeot na asali. Noti yana bin rim ne a mazauni, yana bin mota a tiredi. Notin Toyota mai washa a cikin ramin Marsandi mai zagaye zai taɓa ɗan siririn layi ne kawai, ya ci alminiyam ɗin, ya saki. Tiredi ma ya bambanta: Toyota da Honda 12 mai tazarar 1.5, Nissan da Peugeot 12 mai 1.25, Volkswagen na baya-bayan nan 14 mai 1.5. Notin Nissan yana fara hawa sitod ɗin Toyota juyi ɗaya ko biyu kafin ya cije, kuma mai ƙarfin hannu yana iya ƙarasa shi ya cinye tiredin.

Na huɗu lambar ET da aka buga a bayan rim, wato tazarar fuskar da ke kwanciya a hob daga tsakiyar faɗin rim. Ƙaramar lamba tana turo taya waje. Za mu dawo kanta wurin adafta.

Na biyar nauyin da rim zai iya ɗauka. Sau da yawa an buga shi a baya cikin kilo, kusa da tambarin JWL ko VIA na Japan, ko lambar KBA ta Jamus. Ka duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ka ɗauki nauyin aksil ɗin da ya fi yawa ka raba biyu, rim ɗin kada ya gaza wannan. Rim ɗin Civic mai 5x114.3 yana shiga Sienna lafiya lau, amma ba a yi shi don motar da ke ɗaukar mutum takwas da kaya ba.

Idan ka gama awon nan ka ga rim ba na motarka ba ne, hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce ka musanya shi da mai ramuka daidai. Masu sayar da na hannu suna karɓar musaya da ɗan ciko. Akwai kuma rim da aka huda tun daga masana'anta da ramuka takwas ko goma don da'ira biyu, irin 5x100 da 5x114.3. Waɗannan an zuba su da kaurin da ya dace, ba laifi a sa su idan nauyi da zobe sun yi daidai.

Abin da ba a yi ko kaɗan

Tilasta rim da noti mun gama da shi. Na biyunsa shi ne cin gefen rami da magagari ko injin huda har ya zama dogo. Ramin ya faɗaɗa, amma mazaunin noti yana nan inda yake, a kan tsohuwar da'ira, ga shi kuma an yanke masa gefe. Noti zai zauna a kan rabin mazauni. Wasu na ƙara washa don su rufe, washar kuma ba ta saita komai, zamewa take ƙarawa.

Na uku cike ramuka da walda a sake hudawa. Yawancin rim na alminiyam zuba su ake yi sannan a gasa su a tanda a kan zafi da lokaci da aka ƙayyade, daga nan suke samun ƙarfinsu. Wutar walda tana warware wannan gashin a duk kewayen da ta taɓa, ƙarfen ya yi laushi, kuma wurin da aka laushe shi ne daidai inda noti zai danna da tan 4. Ga kumfar iska da ke maƙalewa cikin waldar. Aikin yana iya fitowa sumul bayan an goge an yi fenti, amma fentin ba ya mayar da ƙarfin da wuta ta cire.

Rim na baƙin ƙarfe ma ba a sake huda shi. Ka dubi ramukansa za ka ga kowanne an ɗago bakinsa an matsa masa siffar mazurari, wannan tudun ne ke riƙe noti. Sabon rami a shimfiɗaɗɗen wuri ba shi da shi. Kuma irin wannan rim ɗin arha gare shi, ba dalilin wahala.

Noti mai wuya mai motsi

Akwai noti da bol da ake ƙera su da wuya mai tsini wanda ba a manne yake ba, yana ɗan motsawa gefe kimanin milimita ɗaya da 'yan kai. Sitod yana tsayawa a miƙe, wuyan ya gusa ya zauna daidai a mazaunin rim. An yi su don ƙaramin bambanci kawai, kamar 112 da 114.3, ko 98 da 100, ko 108 da 110. Daga 100 zuwa 114.3 ba su da amfani.

Sharuɗɗansu uku ne. Mazaunin rim ya zama mai tsini mai kusurwa 60, don haka rim ɗin Marsandi ko Volkswagen na asali sun fita. Ramin rim ya zama da faɗin da sitod zai wuce bai goga gefe ba. Sannan dole a sa zoben tsakiya da ya kama tsam, domin tunda wuyan yana motsi, notunan sun daina saita rim, zoben kaɗai ya rage. A ƙaramar mota ta cikin gari, da kaya masu kyau da ɗauri daidai, suna aiki. A motar haya ko mai shiga hanyar ƙauye, ba mu ba da shawararsu ba.

Sake huda rim na alminiyam

Ana yi, amma rim kaɗan ne suka cancanta. Ka juya shi ka dubi bayansa. Yawanci za ka ga aljihuna da aka rarake tsakanin ramuka don rage nauyi, kuma daidai wurin ne sababbin ramukan za su faɗa. Idan akwai aljihu, magana ta ƙare, domin noti zai matse iska ne. Sai idan fuskar bayan cike take da ƙarfe ko'ina.

Idan cike take, ana juya sababbin ramuka digiri 36 daga tsofaffin a mai biyar, 45 a mai huɗu. A ce rim 5x114.3 ne za a mayar 5x100: tsakanin tsakiyar tsohon rami da sabo milimita 34 ne kawai, ga shi kowane rami yana da faffaɗan baki ta gaba inda soket ke shiga, wanda ya kusa 30. Bangon da zai rage siriri ne, sai a auna kafin a taɓa. Ƙa'idar masu aikin ƙarfe ita ce daga tsakiyar rami zuwa kowane gefe kada a gaza ninki ɗaya da rabi na faɗin ramin, kuma kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni ya kai na tsofaffin ramukan.

Aikin na injin da ke riƙe rim ta ramin tsakiya ne yana juya shi da ma'aunin digiri, ko injin da kwamfuta ke sarrafawa. A zama ɗaya ake huda rami a yanka mazauninsa, don su kasance a layi ɗaya. Masu yi da kyau suna dasa mazauni na baƙin ƙarfe a ciki. Wanda ya ɗora wani rim a kai ya yi alama da alli ya kama injin huda na hannu, kuskurensa zai fi bambancin da ake son gyarawa. A Jamus, inda rim na hannu da yawa ke fitowa, duk rim da aka sake hudawa ya rasa amincewar da aka ba shi, kuma canji irin wannan sai ya bi ta hannun masu duba mota irin su TÜV.

Kafin da bayan aikin a duba tsagewa. Akwai feshin jan rini da ake sayarwa don haka. Idan babu, tsohuwar dabara tana aiki: a wanke wurin, a shafa kananzir a bar shi minti 15, a goge ya bushe ƙarau, a barbaɗa garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir zai tsattsafo ya zana layi a jikin allin.

Adafta

Wannan faifai ne mai kauri da ake ɗaure wa hob da sitod ɗin mota, shi kuma yana da nasa sitod a kan sabuwar da'irar. A cikin hanyoyin da ba sa buƙatar canja hob, ita ce ta fi tsari idan bambancin babba ne, domin ba a taɓa rim ba kuma kowane noti yana zaune a miƙe. Amma ka san ka ninka notunan kowace taya, rabinsu kuma sun ɓuya a bayan rim inda ba ka ganinsu.

Wajen saye, ka nemi wanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam mai lamba 6061-T6 ko 7075, ba na zubi ba. Ramin tsakiyarsa ya kama leɓen hob ɗinka tsam, ta gaba kuma yana da nasa leɓen daidai da ramin rim. Sitod ɗinsa masu daraja 10.9, an buga lambar a kansu. Kaurinsa kada ya gaza milimita 20, 25 ya fi, saboda notin ciki yana buƙatar wurin nutsewa da ƙarfen da zai danna. Wanda ke mayar da ramuka huɗu zuwa biyar yakan zo gida biyu da kaurin da ya haura 30, don ramukan suna cin karo da juna. Wannan a bar shi.

Kaurin nan yana da farashi. Duk milimitar adafta ana cire ta daga ET. A ce rim ɗin motarka na asali faɗinsa inci 6 ne ET 45, sabon kuma inci 7 ET 45, adafta 25. Sabon ya koma ET 20, tsakiyar taya ta fita waje da milimita 25, bakin rim na waje kuma da kusan 38, tunda ƙarin inci ɗaya na faɗi ya rabu gida biyu. Taya za ta iya gugar madigadi idan an yi lodi ko an faɗa rami, boris, wato abin da hob ke juyawa a kai, zai ɗauki nauyi daga nesa ya mutu da wuri, sitiyari ya riƙa fizga idan an taka birki a hanya mara kyau. Maganin shi ne a zaɓi rim mai babbar ET, yadda bayan an cire kaurin adafta za a dawo kusa da na asali, cikin milimita 10 zuwa 15. Idan lissafin bai ba da haka ba, rim ɗin ba na motar ba ne.

Ga yadda ake ɗaurawa.

1. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tare tayoyi, a ɗaga da jak a sa mata abin tokare. A cire taya.

2. A goge fuskar faifan birki da leɓen hob da burushin ƙarfe har tsatsa ta fita. Idan akwai 'yan washa masu haƙora da masana'anta ke maƙalawa a gindin sitod don riƙe faifan birki, a cire su. Ƙwayar tsatsa ko washa ɗaya ta isa ta hana adafta kwanciya, kuma idan ta murƙushe daga baya ɗaurin ya saki.

3. A duba tsofaffin sitod. Wanda tiredinsa ya cinye, ko ya sirance a tsakiya saboda yawan ɗauri, a canja shi yanzu.

4. A sa adafta a gani ko ya shiga leɓen ba wasa, sannan a ɗora rula a fuskarsa. Nan ne aikin ya fi lalacewa. Idan sitod ɗin mota ya fito milimita 27 adafta kuma 20 ne, bakwai sun leƙo. Rim zai zauna a kan bakin sitod, notuna su yi tauri, amma bayansa bai taɓa adafta ba. Ko dai bayan rim yana da aljihu daidai inda kowane sitod ya leƙo, mai zurfin da ya ishe shi, ko a sayi adafta mai kauri, ko a rage tsawon sitod. Wanda ya yanke sitod ya sani ba zai koma rim ɗinsa na alminiyam na da ba sai ya sa sababbi. Notunan ciki su ma kada su leƙo.

5. A ɗaure notunan ciki da hannu tukuna. Tiredin da noti ya kama ya kai aƙalla kaurin sitod: juyi 8 a 12 mai 1.5, kusan 10 a 12 mai 1.25, fiye da 9 a 14 mai 1.5. Ka ƙirga. A motocin da ke amfani da bol, tsawon ma abin lura ne, gajere ba ya kama tiredi isasshe, dogo kuma yana iya taɓa kayan birkin hannu da ke cikin faifan baya.

6. A ɗaure da sifana mai awo, ana tsallake ɗaya zuwa na gaba da shi, rabin ƙarfi a zagayen farko, cikakke a na biyu. A awon sifanar, Corolla da Camry Nm 103, Accord 108, Golf mai bol 14 kuma 120, sauran a duba littafin mota. Tiredi a bushe, ba giris ba baƙin mai, domin mai yana sa awo ɗaya ya ja sitod fiye da kima. Wani ya taka birki don hob ya tsaya. Bindigar iska ta ɗaure noti ba ta da wuri a nan, haka ma hawa kan sifana: mutum mai kilo 70 a kan sifana mai rabin mita yana ba da kusan Nm 340, ninki uku na abin da ake so.

7. A juya hob da hannu a duba fuskar adafta da agogon awo. Idan allura ta motsa fiye da milimita 0.1, a kwance a sake gogewa.

8. A sa rim da notunan da suka dace da mazauninsa, a ɗaure kamar na ciki. A juya taya a tabbatar akwai aƙalla milimita 3 tsakaninta da matsewar birki. A sauke mota, a karya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, a sa mutane a kujerar baya a duba madigadi. Tsayin sabuwar taya kada ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100.

9. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a cire tayoyin a sake auna notunan ciki, sannan na waje. Alminiyam sabo yana ɗan kwantawa ƙarƙashin noti. Duba na waje kaɗai ba ya gaya maka komai game da na ciki. Daga nan a maimaita duk lokacin da aka cire taya ko aka yi juyen mai.

A sa adafta bibbiyu a aksil ɗaya, masu kauri ɗaya, kuma ba a ɗora wani faifai a kan wani. Motar haya, Hiace, Sharan mai lodi har rufi, a-kori-kura, duk waɗannan ba a sa musu adafta. Boris ɗinsu da sitod ɗinsu dama a iyakar ƙarfinsu suke aiki.

Canja hob

Idan akwai 'yar'uwar motarka a kamfani ɗaya mai da'irar da kake so, ana iya ɗauko kayanta. Golf 3 mai 4x100 tana komawa 5x100 da kayan samfurinta na VR6, sai dai ba hob kaɗai ba ne, har da faifan birki da matsewarsa da sauran kayan ƙafa, gaba da baya. Wannan ya fi kowace hanya ƙarfi don komai na masana'anta ne, kuma ya fi su tsada. Huda hob ɗin da ke jikin mota kuwa yana buƙatar injin da ya fi na rim daidaito, a huda faifan birki shi ma, kuma hob da yawa ba su da ƙarfe a tsakanin ramuka.

Bayan an hau titi

Girgizar sitiyari a gudun kilomita 80 zuwa 110 a awa wadda balansin bai kawar ba tana nuna rim ba ya tsakiya. Ƙaramar ƙara ƙas-ƙas idan ana tafiya a hankali ko ana karya kwana alamar noti ya saki ce, a tsaya nan take. Baƙin gari ko layin tsatsa da ke fitowa daga bakin noti na nuna rim yana motsi a ƙarƙashinsa. Idan an cire taya aka ga rami ya zama kamar ƙwai, rim ɗin ya gama aiki. Notin da ake ɗaurewa yana sake kwancewa ba ƙarin ƙarfi yake so ba, mazauninsa ko sitod ɗinsa ne ya lalace. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, ko hob ɗaya da ya fi sauran zafi, boris ne. Idan sitod ɗaya ya tsinke, a canja duk na wannan hob ɗin, domin sauran sun sha irin wahalar da ya sha.

Sai maganar safaya. Wadda ke but ɗinka tana kan tsohuwar da'ira, ba za ta hau adafta ba. Idan taya ta fashe a hanya, sai an cire adaftan kafin a sa ta, don haka ka ajiye notunan mota na asali a but tare da soket mai siririn bango da zai shiga ramin adafta, domin sifanar da ta zo da mota yawanci ba ta shiga. Ka gwada wannan sau ɗaya a gida, ka ƙirga juyin noti a kan safayar, musamman idan an rage tsawon sitod.